Wanda Ya Ba da Sunan Dalhatu

Litinin, 13 ga Oktoba, 2025

Gobe kotu a Katsina. Wata goma sha huɗu ke nan da kama mijina Dalhatu a hanyar Magama, wai yana kai wa 'yan bindiga fetur. Jarka biyu ce, ta injin ban-ruwanmu. Amininsa Shafi'u zai kai ni a motarsa, kamar kullum. Da babu shi ban san yadda zan yi ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Alƙali ya ce tsarewar ta saɓa wa doka, a sake shi nan take. Guɗa ta kuɓuce mini, aka tsawata. Shafi'u ya fita waje yana share ido.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ba a sake shi ba. Lauyanmu, Barista Mudathir, ya ce takardar ta isa wurin masu tsare shi, wai "suna dubawa". Na ce, akwai wanda ke sama da alƙali ne? 

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ana muhawara a rediyo. Wani ya ce wanda aka zarga da taimakon 'yan bindiga bai cancanci beli ba, wani ya ce zargi ba hukunci ba ne. Shekarar da aka ƙone gidan kawuna a ƙauye, ni ma maganar na farkon nake yi. Har da ɗaga murya.

Laraba, 22 ga Oktoba

Barista ya nuna mini fayil. Mutum ɗaya ne ya ba da sunan Dalhatu. Na karanta sau uku. Shafi'u.
Motar da na yi ta kuka a cikinta. Tuwon da na yi ta aika masa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na same shi a tashar motocin Maraɗi. Bai musa ba.
"Maman Ilham, kafin a kama shi, kwana tara jami'an tsaro suka riƙe ni. Suka ce sai na kawo suna. Na ce bari in ba da wanda za a bincika a ga ba shi da laifi."
Na ce, "Allah ya isa, Malam Shafi'u." A gaban direbobi. 

Juma'a, 31 ga Oktoba

Dalhatu ya dawo. Ya rame, wandonsa sai da igiya. Ilham ta ɓuya bayana, ba ta gane ubanta ba.
Na faɗa masa abin da Shafi'u ya yi. Ya ce ya sani tun wata na biyu, ya yi shiru ne don in samu mai kai ni kotu. "Ke ba ki san ɗakin da suke tsare mutane ba," in ji shi. "Ni ma an tambaye ni suna."
Ban tambaye shi abin da ya ce musu ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

An kama Shafi'u jiya. Wani ya ba da sunansa. Matarsa Fati ta zo, ta durƙusa a tsakar gida, ban ko ba ta ruwa ba.
Sai da ta kai zaure na kira ta. Na rubuta mata lambar Barista, na ce ta nemi fayil tun farko, kar ta jira yadda na jira.
Ban yafe ba. Lamba ce kawai.