Tandun Kwallin Yana Wurina

Saude,

Na tahi asibiti da ɗana Sagir, Nuhu na jirana waje da babur. An ce kin tahi rijiya, ba ni iya jiranki.

Ke, yau da sahe yaron ga ya buɗe idanunai duka biyu! Kumburin hwatar idon ya sace, ƙurajen sun bushe, har ya dube ni ya yi dariya. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa ni kaɗai cikin ɗaki. Man shahawar da munka amso ya yi aiki wallahi.

Na bar miki shi na shiga wanka, na hito, mi zan gani? Ido ya sha kwalli raɗau, shina murza shina kuka, hwatar ta koma jawur. Haba Saude! Ba gabanki malamar asibiti ta ce kwallin ga ne ke cin hwatar idonai ba? Na san za ki ce Inna ta sa ki, wai kada a kai shi sunan gidan Larai kamar mara lahiya. To ai mara lahiyan ne! Su sha sunansu.

Kada ki wahal da kanki neman tandun kwallin, na ƙulle shi ga haɓar zanena. In Inna ta tambaya ki ce ni na ɗauka, in na dawo zan durƙusa in ba ta haƙuri. Gara ta yi hushi da ni da yaron ga ya sake kwana ido ruhe.

Mansura