Takardar ƙanwata ce a sama

Assalamu alaikum Hajiya Zinnira, da fatan kina lafiya, ya iyali. Don Allah ki taimaka min, abin nan ya fara hana ni cin abinci.

Ni masinja ne a wata sakandare a yankin Kabo. Karatuna a firamare ya tsaya, amma lamba dai ina gane ta. Idan aka gama jarrabawar fiziks, ɓangaren da ake rubuta bayani, ba na canki-canka ba, ni nake tattara takardun layi-layi in ɗaure, in kai wa malaminsu, Malam Hambali, gida a Gwarzo saboda ciwon ƙafarsa. In ya gama dubawa in ɗauko. Mutumin kirki ne wallahi, bai taɓa barina na tafi ban sha ruwa ba.

Ƙanwata Zulaiha tana ajin, ungozoma take son zama. Zangon farko na ɗauko takardarta na ɗora a sama, a tunanina gara Malam ya duba ta tun idonsa bai gaji ba. Ta ci talatin da ɗaya, ta yi ta kuka. Da nake rarraba takardun sai na lura goman farko duk haka suke, jan biro ko'ina, babu wanda ya kai arba'in. Na tsakiya dama-dama. Na ƙasa kuwa sittin, saba'in, kuma da ƙyar za ki ga alamar biro a jikinsu. Na ce ƙila 'yan layin gaba ne ba sa ja.

To zango na biyu igiya ta kwance min a babur wajen Durun, takardun suka zube. Na tsince su kaf, amma sai na ƙasa suka koma sama, ta Zulaiha kuma ta faɗa ƙasa. Hajiya, da sakamako ya fito, wani yaro Lukuman, wanda tasa ta hau sama, da ya ci sittin da takwas a zangon farko ya dawo talatin da biyar. Zulaiha ta ci sittin da ɗaya. Kuma ni na san karatunta bai canja ba, gida ɗaya muke.

Yanzu saura kwana tara a yi ta zango na uku, kuma an ce duk wanda bai kai hamsin ba za a fitar da shi daga ajin kimiyya. Ban gaya wa kowa ba. Zuciyata tana ce min in tura tata ƙasa, babu mai gani. Amma dole ta wani ta hau sama, kuma duk na san iyayensu. In kuma na yi magana, wa zai saurari masinja a kan malamin da ya shekara ashirin yana koyarwa? Ina tsoron aikina, ina kuma jin kunyarsa. Yaya zan yi?

Naki, Masinja daga Kabo.

Amsa

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka taɓa jerin takardun nan. Ka riga ka taɓa sau ɗaya da kyakkyawar niyya, ka ga inda ta kai ku. Wannan karon da saninka za ka yi, kuma duk yaron da ya fita daga ajin kimiyya saboda hannunka, haƙƙinsa yana wuyanka.

Abin da ka gani yana faruwa, kuma ba mugunta ba ce. Mai duba takarda yakan fara da tsauri, gajiya ta sa ya sassauta, shi kansa bai sani ba. Sai dai zango biyu bai isa hujja ba, Lukuman ma zai iya yin sakaci. Don haka kada ka je da zargi.

Ka samu Malam Hambali shi kaɗai, kafin shugaban makaranta ya ji. Ka fara da naka laifin, ka faɗa masa ka ɗora ta Zulaiha a sama, sannan ka nuna masa lambobin. Ka roƙe shi a gwada: a ware takardu goma bayan jarrabawar, a yi fotokwafi kafin biro ya taɓa su, a rufe sunaye, shi da wani malamin fiziks kowa ya duba nasa da jadawalin amsa ɗaya. In makin ya yi kusa, hankalinka ya kwanta. In ya yi nisa, shi ma zai gani da idonsa, kuma gyaran bai da wuya: ya duba tambaya ta ɗaya a duk takardun, ya gauraya su, sannan ya shiga ta biyu.

Zai iya jin haushi, ba zan ɓoye maka ba. In ya ƙi, ka je wa shugaban makaranta cikin ladabi. Amma ka tafi gobe, domin in sakamako ya fito, maganarka za ta zama ta yayan da ƙanwarsa ta faɗi, ko ta wanda tasa ta haye ya yi shiru.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya ba Zulaiha da 'yan ajinsu abin da suka rubuta.