Shekara Biyun da Suka Ɓace a Tarihin Baba

Llanerchwen, 3 ga Fabrairu, 1889

Yaya Ithel,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

"Ba zan kai ko shafi ɗaya maɗaba'a ba sai kin karanta kin yarda." Kai ka faɗa, a bakin kabarin Baba. Jiya sai ga tarihinsa da ka rubuta ya iso daga London, an jera haruffa, bugawa kawai ta rage. Na gode da girmamawa.

Ka ce ya yi limancin cocin Penrhiwlas daga 1839, ya dawo nan a 1845. Na je can na duba rajistar cocin, sa hannunsa ya tsaya a Maris na 1843. Kai kuma ka cike ramin da "ya yi jinya." Mutumin da ya kai tamanin mura ba ta taɓa kwantar da shi ba? Shekara talatin kana aikin gwamnati, ka ƙware wajen sa takarda ta yi shiru. Ina Baba yake a shekara biyun nan?

Ƙanwarka,
Gwenllian

London, 8 ga Fabrairu

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, na amsa laifin gaggawa. Amma ki bar tonon nan. Bishop, shugaban limaman yankin, shi ne ya dakatar da Baba. Lokacin ina da shekara bakwai, ke ba a haife ki ba. Na taɓa tambayar Mama dalili, ta ce kada in sake. Me ke sa a dakatar da limamin ƙauye in ba kwalba ba? Asirinsa na rufa, kuma ina ganin aikin ɗa ke nan.

Yayanki,
Ithel Prydderch

Llanerchwen, 16 ga Fabrairu

Yaya Ithel,

Gaisuwa, a taƙaice.

Wato shekara arba'in da shida kana ɗaukar ubanka mashayi, ba ka taɓa tambayar kowa ba sai zuciyarka. Ni na koma Penrhiwlas cikin ruwan sama. Aka nuna mini wata tsohuwa, Sioned Bevan, 'yar ɗariƙar Baftis, tana gasa waina a kan faranti. Ta ƙare mini kallo.

"Wannan hancin na Prydderch ne. Zauna, 'yata, kin tare mini haske."

Na ce, "Iya, wai giya ce ta kori mahaifina?"

Ta yi dariya har da tari. "Giya? Wanda ko shayi sai ya tsinka da ruwa? Wane sakarai ne ya ce?"

"Yayana. Babba ne a London."

"Ya yi kama da haka."

Ga abin da ya faru. Ka san 'yan Baftis ba sa yi wa yaro baftisma sai ya girma, kuma dokar cocinmu ta hana karanta addu'ar jana'iza a kan wanda ba a yi wa ba. Maƙabarta ɗaya ce a ƙauyen, ta coci. 'Yar Sioned mai shekara huɗu ta rasu. Aka kawo ta za a binne shiru, kamar yadda aka saba, limami yana daga ɗaki. Sai Baba ya fito da farar rigarsa, ya karanta addu'ar tun daga farko har ƙarshe. Ya kira sunan yarinyar, Mali. Mai gonakin yankin ya kai ƙara.

An ce wa Baba ya nemi afuwa a mayar da shi bakin aiki. Ya ƙi. Shekara biyun nan kiwon tumaki ya yi tare da mijin Sioned. "Makiyayin banza ne," in ji ta. "Wa'azi yake yi musu, suna shiga gonar mutane."

Abin da har yanzu nake juyawa shi ne me ya sa bai taɓa gaya mana ba. Kunya ce ko gudun yabo? Ni na zauna da shi har ƙarshe, ban sani ba.

Gyara shafi na goma sha ɗaya.

Gwenllian

London, 20 ga Fabrairu

Ƙanwata,

Gaisuwa. Na karanta wasiƙarki a ofis, sai da na rufe ƙofa. Ban yi masa adalci ba.

Sai dai ki duba. Bishop na yanzu ya yarda ya rubuta gabatarwa, kuma mai ƙarar nan kakan matata ne. Ko za mu ce "ya huta daga aiki na ɗan lokaci"? Ba ƙarya ba ce.

Yayanki mai ƙaunarki,
Ithel

Llanerchwen, 23 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaishe ka. Ba ƙarya ba ce, ƙanwar ƙarya ce, kuma a ɗaki ɗaya suke kwana.

Ina jiran shafin da aka gyara, da sunan Mali a ciki, zuwa goma ga Maris. In bai zo ba, washegari mai sassaƙar dutse zai fara aiki. Dattawan Baftis na Penrhiwlas sun ba ni bangon majami'arsu, wanda ke kallon hanya. Za a rubuta sunan Baba, da abin da ya yi, da sunan wanda ya kai shi ƙara. A ƙasa kuma: "Daga 'yarsa."

Akwai wurin da zai ɗauki "da ɗansa." Sioned tana da shekara tamanin da biyu, ba zan sa ta jira ka ba.

Ka huta lafiya.
Gwenllian