Tikiti Biyu Kowace Safiya

Seki, 4 ga Oktoba

'Yata Mitsue,

Bayan gaisuwa, ina fatan ke da mijinki kuna lafiya. Sanyi ya fara sauka a nan, har na fito da barguna na shanya. Na iso gida lafiya, na kunna wa marigayi mahaifinki turare a gaban hotonsa, na gaya masa na ganki.

Na gode da ɗawainiya, amma ba zan ɓoye miki ba, ban ji daɗin abin da na gani ba. Kwana uku na yi a gidanki, sau ɗaya na ga tukunya a kan wuta. Ranar farko kun kai ni gidan gasasshen kifi, aka zaunar da mu a tabarma, wata yarinya tana ta durƙusa mana kamar mu muka gina garin. Washegari gidan taliya. Kifin ya yi daɗi, ban ce bai yi ba, amma ba haka na koya miki riƙon gida ba. Kuma na ga mijinki Noboru ya sa an ƙunsa masa wani kifin a ɗan akwati, wai na wani ne a wurin aiki. Wane ma'aikaci ake kai wa irin wannan kifin?

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kikue, wadda muka yi sakandare tare kuma take aure a unguwarku, ta ja ni shagon gahawar nan na bayan gidan wanka, na Gwaggo Yae. Kin san yadda suke yi, mutum ya sayi jerin tikiti, a rubuta sunansa a maƙala a bango, duk kofin da ya sha a yage ɗaya. Ina ɗaga kai sai ga sunan mijinki, Inagaki Noboru. Ranar Talata da yamma saura tara. Ranar Laraba na ce wa Kikue mu koma. Saura bakwai.

Noboru yana fita ƙarfe bakwai bai karya ba, ya ce a masaƙa zai ci. Masaƙar ba ta fara aiki sai tara. Ke kuma safiyar Larabar nan kina gida tare da ni. To wa ke shan kofi na biyu?

Na tambayi tsohuwar mai shagon. Ta ce, "Uwata, ni gahawa nake sayarwa, ba labarin mutane ba. A ƙaro miki ruwa?" Na ce ta riƙe ruwanta.

Kada ki ce na cika zargi. Na taɓa rufe ido a kan ƙanenki Shuzo, shekara biyu ina kai masa tire bakin ƙofar ɗakinsa ina cewa gobe zai fito ya nemi aiki. Kin san inda ta kai mu. Yau shekara shida ban san inda yake ba. Ba zan sake rufe ido a kan ke da kika rage min ba.

Ki amsa min da gaskiya. Ki sa rigar sanyi.

Mahaifiyarki,
Tomie

*

Ichinomiya, 9 ga Oktoba

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Noboru ma yana gaisuwa, ya ce tsamin kabejin da kika kawo ya kusa ƙarewa, kuma shi kaɗai ya cinye rabi.

Kai, Inna! Da 'yan sanda sun san da ke, da sun samu hutu. Kin je shan gahawa kin dawo da shari'a. Na karanta wasiƙarki a tsaye a kicin, kuma tukunya tana kan wuta, ki rubuta wannan ma a cikin binciken.

Mun fita da ke cin abinci ne don ba kullum kike zuwa ba. Shekara nawa kina tsaye a gaban murhu, muka ce bari wani ya durƙusa miki ko sau ɗaya. Ashe laifi muka yi.

Zancen tikiti kuwa, na san da shi. Wani lokaci ma ni nake zuwa in sayo sabo idan ya ƙare. Duk unguwar nan a can suke karyawa, ki sayi gahawa a haɗa miki da gasasshen burodi da dafaffen ƙwai, wa zai ƙi? Noboru yana zuwa da wani abokinsa ne da ba shi da lafiya sosai. Shi ne kuma mai kifin. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, don ba sirrina ba ne.

Ina roƙonki abu ɗaya. Ki bar maganar nan a inda take, kuma ki ce wa Gwaggo Kikue ta bar ta. Aurena lafiya lau yake.

Ki riƙa shafa maganin gwiwar da dare, ba sai ta kumbura ba.

'Yarki,
Mitsue

*

Seki, 18 ga Oktoba

Mitsue,

Na gaishe ki. Gwiwa da sauƙi. Wasiƙarki ta zo, kuma ban yi dariya ba.

Aboki, kika ce. To saurara. Na sa Kikue ta zauna a shagon wanki da ke tsallaken titi safiya uku a jere. Ta kira ni jiya. Ta ce, "Tomie, ni dai ban so in zama mai kawo miki wannan ba." Na ce, "Ƙarya kike, tun muna aji biyu kike son irinsa. Faɗi."

Abokin nan yana da gashi har gadon baya, an ɗaure da roba. Siriri kamar tsinke, cikin ƙatuwar rigar sanyi, fuska rufe da takunkumi, kai a sunkuye. Mace ce, Mitsue. Ba daga masaƙa suke zuwa ba, daga wani gidan haya na bayan tashar mota mijinki yake ɗaukowa. Idan za su tsallaka titi sai ya riƙe mata gwiwar hannu. Ni tun da kuka yi aure ban taɓa ganin ya riƙe miki hannu ba. A shagon gahawar kuma can lungu suke zama, ita ta juya wa jama'a baya tana fuskantar bango. Mai gaskiya ba ya zama haka.

Rana ta uku Kikue ta shiga suna fita, kafin a kwashe tebur. Ta ce matar bahaguwa ce, hannun kofin da cokalin duk a hagu suke. Ta zuba sukari har ya kwanta a gindin kofi. Ta cinye farin ƙwan ta bar gwaiduwa ɗungurungum a faranti. Abincin da aka ba ta kyauta! Na ce wa Kikue, wace irin uwa ce ta raini wannan? Ba ta koya mata riƙe cokali ba, ba ta koya mata cinye abin da ke gabanta ba, ina za ta koya mata barin mijin wata?

Ko dai an yaudare ki, ko kin sani kina rufa masa asiri don kunya. Duk biyun ba zan zuba ido ba. Ranar Litinin 24 ga wata zan hau jirgin ƙasa na farko. Bakwai da rabi ina cikin shagon nan, zan ja kujera in zauna a teburinsu in sa ta cire takunkumin. Daga nan zan wuce gidan Baba Horibe da ya haɗa aurenku, ya kira iyayen Noboru. Idan ta kama ki dawo gida, ɗakinki yana nan.

Za ki ji haushina yanzu, daga baya za ki gode min.

Mahaifiyarki

*

Ichinomiya, 20 ga Oktoba

Inna,

Ina gaishe ki. Na aiko wannan da gaggawa don ta riga Litinin. Ki zauna kafin ki karanta.

Ki tuna abin da kika rubuto min. Wa kika sani da ke riƙe cokali da hagu, har kika riƙa buge masa hannu yana ɗan shekara biyar? Wa ke cika sukari? Wa ke tura miki gwaiduwa gefen farantinki kowace safiya, ki yi ta faɗa, sannan ki cinye?

Shuzo ne, Inna.

Bara da damina wani asibiti a Osaka ya kira ni. An tsince shi ya faɗi a wani lambu, sunana da lambata kaɗai ke aljihunsa. Muka kawo shi nan, muka kama masa ɗaki. Ya rufe ƙofa kamar yadda ya yi a gida. Ni na yi kuka, na yi faɗa irin naki, ko motsi. Noboru ne ya ce in bar masa.

Kullum ƙarfe bakwai sai ya je ya zauna a bakin ƙofar, ya ce, "Ƙanena, ni fa ba zan karya ba sai da kai. Ka ji cikina? Idan na rame, yayarka za ta ce kai ne." Wata huɗu yana haka, da yunwa yake tafiya masaƙa. Rannan sai ƙofa ta buɗe.

Gwaggo Yae ba ta taɓa tambayarsa komai ba. Ta ba shi kujerar lungu don ba ya iya jure ido. Ta ajiye masa gahawa, ta yage tikiti, ta tafi. Wata bakwai bai ce mata uffan ba. A watan jiya ya ɗago kai ya ce, "Burodin ya ƙone." Ta riƙe ƙugu ta ce, "Iye! Ashe da baki a cikin takunkumin nan? To mai gida, gobe ka zo ka gasa da kanka." Noboru ya ce ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba. Yanzu ranar Juma'a Shuzo ke gasa burodin teburinsu.

Wannan taku ɗari biyu daga ɗakinsa zuwa shagon, shi ne duk duniyarsa a yau. Sharaɗi ɗaya ya kafa mana. Ya ce, "Idan Inna ta sani, zan tafi." Ba ƙinki yake ba. Ya ce ranar da kika daina kai tire kika ce ba ki haifi ƙaton banza ba, ya yarda da ke, kuma har yau bai zama wani abin da zai nuna miki ba.

Na karya alkawarin da na yi masa don ba ni da wata hanya. Idan kika shiga shagon nan ranar Litinin kika ja kujera, ba aurena za ki kashe ba. Shi za ki mayar ɗaki, ko Osaka, kuma wannan karon ba na jin za a samu lambata a aljihunsa.

Ban taɓa roƙonki abu kamar wannan ba. Kada ki zo.

'Yarki,
Mitsue

*

Seki, 25 ga Oktoba

Mitsue,

Ina gaishe ki, ki gaishe da Noboru.

Na zo. Kada ki firgita, bai gan ni ba. A shagon wanki na tsaya, bayan labule, na kori Kikue gida. Na ga sun tsallaka titi. Yana jan ƙafar dama kamar mahaifinku. Rigar da ke jikinsa ba ta isa sanyin da ke tafe ba.

Sai da suka gama suka yi nisa na shiga shagon gahawar. Tsohuwar ta ɗauko tire za ta kwashe, na ce ta bari. Ta dube ni ta dubi farantin, ta ce, "Uwata, yau ma bincike?" Na ce a'a. Na zauna a kujerarsa. Ba komai a bangon nan sai kalanda. Gwaiduwar tana gefen faranti, ya tura ta ɓangaren da nake zama a gida. Na cinye.

Na sayi jerin tikiti, ta rubuta sunana. Na hana ta maƙalawa a bango, yana cikin aljihun teburinta. Ba za ta fito da shi ba sai ranar da kika ce. Ko shekara nawa ne.

Ban je gidan Baba Horibe ba. Ki gaya wa mijinki na yi masa mummunan zato, kuma ba a tafiya masaƙa da yunwa, wannan wauta ce. Na aiko da tsamin kabeji tulu biyu da rigar sanyin mahaifinku. Ki ba Shuzo rigar, ki ce a kasuwa kika saya.

Gashin nan ya yi yawa, ki ce ya aske. A'a, kada ki ce masa komai.

Mahaifiyarku,
Tomie