Ka Yi Allura, Ka Bar Kokon

Baba,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, babu mai kai saƙo inda kake. Amma in ban rubuta ba, abin da ke cikina zai shaƙe ni.

Fushi nake yi da kai, Baba. Wata biyar ke nan, ya ƙi hucewa.

Gida lafiya. Mma ta fita takaba, ta koma sayar da shinkafa da wake a bakin titi, sai dai ta rame. Kawu Isiyaka ne ke riƙe da garejinka na unguwar Magazin. Motar hayar nan, trotro, da ka faɗi a ƙarƙashinta kuwa, mai ita ya zo ya ja abarsa tun kafin addu'ar bakwai.

A kan motar nan ka tafi ka bar mu? Ka yi allurar suga da safe, Mma ta ajiye maka koko da ƙosai, direban motar ya buga waya, ka zura takalmi ka fita. Sau nawa likita ya ce in ka yi allura ka ci abinci nan take? Suga ya faɗi kana kwance ƙarƙashin mota. Maƙwabtan gareji suna ganin ƙafafunka, suna zaton aiki kake yi.

Makon jiya a jami'a aka nuna mana ƙwayar halitta mai fitar da insulin, sinadarin da ke cikin allurarka, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. An sa mata rini, wani haske na kunnuwa yana mutuwa a cikinta, a kan ƙa'ida. Malamar ta ce da wannan bugun ƙwayar ke sanin yaushe za ta saki, yaushe za ta dakata. Ƙwaya ba yawan saƙo kaɗai take duba ba, tana duba lokacin zuwansa da daɗewarsa. In ya zo ya ƙi tafiya, sai ta toshe kunne. In ya zo ba a kan kari ba, sai ya yi ɓarna. 'Yan ajinmu suna ta rubutu. Ni fita na yi, na tsuguna bayan ɗaki ina kuka.

Kai fa, Baba! Kai da ke kasa kunne ga inji ka ce wutar fulogi na riga fetur zuwa. Ka san haka a ƙarfe, ka kasa sani a jikinka?

Masu gaisuwa suna ta cewa lokaci ne ya yi. Na yarda da ajali, Allah Ya gani. Amma duk wanda ya faɗa, sai in ji kamar in mare shi.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ina tsaye a ƙofa ranar, na ga kofin kokon a cike. Na san illar, na karanta. Na buɗe baki, sai kunya ta kama ni, wai 'ya ba ta tsayar da uba. Na matsa na ba ka hanya, har da yi maka a dawo lafiya.

Wa ya koya mini wannan kunyar in ba kai ba?

Ina yi maka addu'a bayan kowace salla, haƙorana a cije. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka. Yafiya kuwa, ka ba ni lokaci. Ni ma ban yafe wa kaina ba.

'Yarka da ta yi shiru,
Rukayya