Zuciyata tana tuntuɓe, na daina goyon ɗiyata

Tanti Delu, don girman Allah ki taimake ni, ki ba ni amsa kafin yayata ta koma Tawa, don in ta tafi da yarinyar nan shi ke nan. Ni ban yi lekol ba, ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata Fa'iza ce ke karanta mana filinki na jarida in muna tsinke zogale, ita ce ta ba ni wayarta ta ce in yi magana kamar kina gabana. In na yi ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, kaina ba ɗaya yake ba.

Zuciyata ce. Tun ina da tsohon ciki abin ya fara, na ce ko nauyi ne, to ga shi na haihu, yarinya har ta fara rarrafe, bai bari ba. Tana cikin bugawa lafiya lau sai ta yi kamar ta yi tuntuɓe, ta yi shiru, shirun da har sai na ce ta tsaya, sai kuma ta buga dum, har maƙogwarona. Wani yini kaɗan, wani yini ba iyaka. Abin mamaki, in ina turara dambu ko ina ɗauke da roba zuwa bakin kasuwar Wadata inda nake saidawa, ba na jin komai. Sai na zauna. Ina sallame azahar in jingina da bango, sai ta fara. Ga ta nan ma, yanzu da nake miki magana ta yi.

Maigidana tela ne, bai yi sakaci ba, ya kai ni wurin likitan zuciya. Suka manna mini wayoyi a ƙirji, wata takarda ta fito da zane-zane. Suka yi mini eko, irin na masu ciki, amma a ƙirji. Likitan ya duba, ya juya wajen maigida, suka yi ta Faransanci, suka daɗe. Ni ina zaune kamar buhu. Da suka gama ya dube ni ya yi murmushi, ya ce ba komai Madam, a je gida. Bai rubuta ordonansi ba, takardar maganin nan. Ko ƙwaya ɗaya, Tanti.

To ni na san wannan ba komai ɗin. Gwaggona Kadi, wadda ta riƙe ni, bayan haihuwarta ta ƙarshe ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya, a zaune take barci. Ina nan likita ya ja mazan gida waje, suka dawo suna murmushi suka ce da sauƙi, a koma gida. Kowa ya shigo sai ya ce mata da sauƙi. Ba ta ga sallar layya ba. Haka muke yi, ba a gaya wa mai ciwo, danginsa ake gaya wa. To don me ni za a gaya mini? Maigida ya rantse, ya sake rantsewa, har ya fara fushi, wai na cika tsoro. Amma ai ko da abin ya ɓaci haka zai rantse, mutumin kirki ne.

Abin da ban gaya wa kowa ba, na daina goyon yarinyar. Wata rana ina tsallaka titi da ita a baya, ga kabu-kabu ga masu tura, sai zuciyar ta yi mini wannan shirun. Na ce in na faɗi ta baya fa? Tun ranar zanen goyo yana ninke. A tabarma nake aje ta, tana miƙo hannu ina kau da kai. Da yake ɗiyar fari ce, kowa ya ɗauka kunya nake yi. Tsofaffin gidanmu har yabona suke, wai yarinyar zamani amma ta san alkunya. Ni kuwa sai in shiga bayan ɗaki in yi kuka.

Yayata Yelwa ta zo daga Tawa sarin kaya, na ce ta tafi da ita. Ba wanda ya yi mamaki, ɗiyar fari ai ta dangi ce. Sun dai ce ba ta isa yaye ba, na ce nonon ne ya ƙafe. Bai ƙafe ba, Tanti, rigata jiƙewa take. Na sayi maɗaci zan shafa don ta ƙi shi, yana ɗaure a bakin zanena, na kasa. So nake ta manta ƙamshina tun ina raye, kada ranar ta zo ta yi ta nemana. Barci ma tsoronsa nake, kada zuciyar ta tsaya ban sani ba, sai in yi ta cin goro, in sha shayin da ake dafawa a shagon maigida, na farkon nan mai ɗaci.

Ke ba ki san ni ba, ba ki da dalilin ɓoye mini. Mutuwa zan yi? In ba da ita, ko me?

Mai dambu, Wadata

*

Ɗiyata mai dambu,

Kada ki ba da ita. Da wannan na fara don kada ki jira ƙarshen magana. Yanzu sauke hannunki daga wuya, ki bar laluben bugun, ki saurara.

Tsoronki ba wauta ba ne. Gaskiya ne muna ɓoye wa mai ciwo, don tausayi muke yi, amma ga abin da yake jawowa: ranar da labari mai daɗi ya zo da gaske, ba mai yarda da shi. Likitan ya yi kuskure da ya yi bayani ta saman kanki, alhali ƙirjinki aka duba. Maigidanki ma rantsuwa ya ba ki, ke kuwa bayani kike nema. Sai dai ki yi masa adalci. Mutumin da ya bar keken ɗinkinsa ya kai ki, yana ganin kina ramewa bayan an ce lafiyarki lau, fushinsa ruɗewa ce.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai maganarki wajen wata likitar zuciya da na sani. Ta ce ba za ta yanke hukunci a kan wadda ba ta duba ba, amma abin da kika kwatanta ya yi kama da wanda mutane da yawa ke da shi. Bugu ɗaya ne ke riga lokacinsa, sai zuciya ta ɗan jira don ta koma kan tsarinta, a jiran nan ta cika da jini sosai, shi ya sa bugun da ke biye yake zuwa da ƙarfi. Shirun da kike ji ba tsayawa ba ce. In eko ya nuna zuciya lafiyayya, yawanci ba ya cutarwa, kuma ba ya bukatar magani. Ta ƙara da cewa matashiya mai shayarwa da aka ga zuciyarta ta raunana, ba a sallamarta hannu wofi, sai da magani da ranar dawowa. Rashin ordonansin da ya firgita ki, a wajenki alama ce mai kyau.

Ciwon Gwaggo Kadi, Allah ya jiƙanta, daban ne. Kumburin ƙafa da kasa kwanciya bayan haihuwa alamu ne na zuciyar da ta gaza. Ke kina ɗaukar robar dambu har kasuwa ba ki haki. Amma ki riƙe waɗannan: in kika suma ko jiri ya kusa kayar da ke, in ƙirji ya yi ciwo, in numfashi ya gagara, in ƙafa ta kumbura, ko zuciya ta kama gudu ta ƙi lafawa, to a tafi asibiti a take, ba jiran gobe.

A makon nan ki koma wajen likitan, da Fa'iza. Ki ce ke za a yi wa bayani, da Hausa ko Zabarmanci, ko a nemo mai fassara. Ki gaya masa labarin gwaggonki, ki tambaye shi ko goyo yana da haɗari gare ki. Ki roƙi a auna jininki, don ƙarancin jini bayan haihuwa da ciwon maƙoƙo kan kawo irin wannan. Haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba.

Goro da shayin nan kuwa, su ne itacen da kike tura wa wutar. Su da rashin barci da fargaba duk suna ƙara tuntuɓen. Ki rage su har ki bari, ki kwanta ki yi barci. Kada ki sayi maganin zuciya a hannun masu talla. Zai yiwu abin ya tafi, zai yiwu ya riƙa leƙowa shekara da shekaru. Akwai masu shi da suka aurar da jikoki.

Ki kira Yelwa ɗaki ki gaya mata gaskiya, nonon bai ƙafe ba. In tana son riƙo, a yi maganar bayan yaye na ƙwarai. Haɗarin da na gani a saƙonki ba a ƙirjinki yake ba, yana kan jinjirar da za a cire daga nono, a sa ta a mota, a canza mata ruwa da abinci tun ba ta isa ba. Alkunya ba ta taɓa hana uwa goyo ba, tsofaffin nan da ke yabonki duk sun goya nasu.

Kwance maɗacin ki zubar. Ɗauko zanen, ki fara a tsakar gida, Fa'iza tana kusa. In zuciyar ta yi tuntuɓenta, ki ja numfashi ki ci gaba da tafiya. Kin ce tun kina da ciki abin ya fara. To yarinyar nan ta riga likita jin wannan bugun, daga ciki ta ji shi, da tuntuɓen da komai, kuma a kansa ta yi ta barcinta. Ki mayar mata da shi.

Allah ya ba ki lafiya da kwanciyar rai, ya raya miki ita, ki ga ranar da za ta goya nata.

Tanti Delu