Bidiyon Bikin Maiyama da Ka Bari Rabi

Zuwa ga Yayana Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama da yalwar makwanci. Ni ce Hadiza. Na san masu bibiyar shafina ne za su karanta takardar nan, amma kai nake nufi da ita, don babu wanda zai fahimci abin da zan faɗa kamar kai.

Wata takwas ke nan da zazzaɓin kwana huɗu ya raba mu. Matarka Zainabu ta gama takaba ta koma gidansu a Sabiyal. Gidanmu na Sabon Gari ya rage daga ni sai Inna. Ɗakin da kake aikin haɗa bidiyon bukukuwa yana nan yadda ka bar shi: laftof a kan tebur, kyamara cikin jakarta, da baƙin akwatin ajiyar nan da kake jonawa da waya. Nakan shiga in yi shara in fito, ban taɓa komai.

Wata Asabar sai ga Hajiya Kulu daga Maiyama. Ka tuna ta, uwar Sa'adatu, amaryar da ka ɗauki bikinta mako biyu kafin ka kwanta. Na ɗauka ta'aziyya ta dawo yi. Ashe mijinta, Alhaji Garba mahauci, shi ma ya rasu bayan babbar Sallah.

Ta ce mini, "Ɗiyata, ba mu da hotonsa mai motsi ko ɗaya, sai wanda yayanki ya ɗauka. In abin na nan, ko yaya yake, ina son in gan shi yana magana."

Na ce mata zan duba. Ban gaya mata iyakar sanina a wannan aiki shi ne zaman da nakan yi a bayanka in na taso daga makarantar da nake koyarwa, ina cin gyaɗa ina yi maka surutu ba.

Da na kunna laftof na buɗe manhajar da kake aiki da ita, na ga sunan aikin, na danna. Sai allo ya cika da ja. Duk inda hoto ya kamata ya fito, jan fili ne da rubutun Turanci wai ba a ga fayilolin ba. Na tabbata ni na goge su da wani danne-danne. Na rufe na fito tsakar gida.

Washegari ina gyara teburinka na ci karo da littafin makaranta mai shuɗin bango. Ashe kana rubuta wa kanka duk matsalar da ka taɓa warwarewa, da wannan rubutun naka mai kwanciya gefe guda. A shafi na uku ka sa: "In ya yi ja, ba ɓacewa suka yi ba, hanya ce ta ɓace masa. Nuna masa guda ɗaya." Na duba, ashe akwatin ajiyar ne kwamfuta ta ba wa wani suna dabam da na jona shi. Na nuna mata fayil ɗaya. Sauran duka suka dawo a jere, ga amarya, ga mata da kwanonin gara, ga layin gidan Alhaji Garba cike da jama'a. Na juya zan ce maka ka gani. Kujerar roba ce kawai a wurin.

Murnar ba ta daɗe ba. Duk sanda na ce wa manhajar ta fitar da bidiyon, sai ta yi tafiya har kusan tsakiya ta tsaya, ta rufe kanta. Na share tarkacen da take tarawa kamar yadda littafinka ya ce. Na rufe komai sai ita. Na ɗora laftof a kan bulo biyu don iska ta shiga ƙarƙashi, na kunna mata fanka in akwai wuta. Kwana biyar ina wannan kowace la'asar, kullum a wuri ɗaya take faɗuwa.

Dole na kai wa abokinka Malam Nasiru, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwar Jega. Da ya ga laftof ɗin ya gane ta, ya buɗe ya duba. Ya ce guntayen bidiyon da abokan ango suka ɗauka da sababbin wayoyi, waɗanda ka saka a ciki, su ne tsohuwar manhajar ba ta iya narkarwa. Sai an sabunta ta, an kuma ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwar da suke kira ram.

"Amma ki ji da kyau, Hadiza," ya ce. "In aikin ya buɗe a sabuwa, ba ya komawa tsohuwa. Wani abu na iya gocewa. Ki kwafe komai ki ajiye gefe tukuna. Bello ya daɗe yana cewa zai sabunta in ya gama wanga biki."

Na san dalilinka. Sau nawa na ji ka ce wa masu ba ka shawara, "Ni ba na canza manhaja ina tsakiyar aiki." Ga shi ni zan karya maka doka, a aikinka na ƙarshe.

Ya saka ram ɗin, ya kwafe mini aikin a filashi biyu. Saukar da sabuwar manhajar kuwa ta gagara a gida, sau uku sabis na yankewa. Ranar Lahadi na shiga mota zuwa Aliero, gidan Gwaggo Asabe, inda ka sha cewa sabis ya fi ƙarfi. Na zauna a inuwar rumfar da suke shanya albasa tun hantsi, laftof a cinya, ina kallon wani siririn layi yana rarrafe. Gwaggo ta kawo fura ta tafi harkarta. Ba wanda ya san abin da nake jira a gidan nan. Da ya cika bayan la'asar, sai tambaya ta fito: in ci gaba a cire tsohuwa? Na daɗe yatsana na kan maɓallin. Sannan na yi bisimilla na danna.

Aikin ya buɗe, Yaya. Bai lalace ba. Rubutun sunayen ango da amarya ya canza kama, kiɗa ya goce a wuri biyu, na gyara su a hankali. Amma fuskar manhajar gaba ɗaya ta sauya. Abin yanka da ka rubuta yana hagu ya koma sama. Wasu abubuwan an canza musu suna. Rabin littafinka ya daina daidai da abin da nake gani. Na ji kamar an sake shafe wani wuri da sawunka yake.

Ka tsaya da aikin daidai inda Alhaji Garba ya zauna a kan tabarma zai yi wa 'yarsa nasiha. Daga nan zuwa ƙarshe ɗanyen ɗauka ne, ba ka taɓa shi ba. A nan na gano abin da ban taɓa lura da shi ba. A duk ɓangaren da ka gama, ka cire muryarka tsaf, ka rufe gurbin da kiɗa. A ɓangaren da ba ka kai ba kuwa, kana nan daga bayan kyamara. "Alhaji, a ɗan ɗaga kai." "Ku ba ni hanya, bayin Allah." Har numfashinka ana ji in ka yi sauri. Fuskarka ba ta fito ko sau ɗaya ba.

Mako guda na kasa yanka komai. Ina mayar da wurin baya ina saurare, shi ke nan aikina.

Daga baya na ajiye ɗanyen a gefe don kaina, na bi salonka a wanda zan kai wa Hajiya, na riƙa cire ka ɗaya bayan ɗaya. Wuri ɗaya ne ya gagare ni. Alhaji na cikin nasiha ya ce wa Sa'adatu kada ya ji an ce 'yar mahauci ba ta iya dafa nama ba, sai ka fashe da dariya, kyamara ta girgiza, shi ma ya dube ka ya yi dariya. In na cire taka, tasa ta tafi. Na bar ku tare.

Na danna fitarwa. Ta wuce tsakiya ba ta tsaya ba, ta kai ƙarshe.

Ni da kaina na kai Maiyama. Hajiya Kulu ta tara 'ya'yanta a ɗaki aka jona filashi a talabijin. Da mijinta ya fito ta sa gefen mayafi a baki, tana kallo har aka zo wurin dariyar. Na fara ba ta haƙuri cewa nan ne na kasa gyarawa. Ta kama hannuna ta ce, "Kar ki taɓa shi. Su biyun ne, bar su su yi abinsu."

A mota ina dawowa na ga na iya abin da ba ka iya ba. Na san inda komai yake a manhajar da ba ka taɓa gani ba. Tun ina ƙarama kai ne gaba a komai, ni ina biye. Ban ji daɗin wuce ka ba, Yaya, ko kaɗan.

Inna ta ƙi kallo. Ta ce idonta ba zai iya ba. Amma jiya da hantsi tana tsinke zogale a tsakar gida, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Kunna mini wurin da yake cewa a ba shi hanya." Na kunna daga ɗakinka na ƙara murya. Ta juya wa ƙofar baya tana ta tsinka. Da ya ƙare ta ce in sake. Sau huɗu muka yi.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa aljanna ce makomarka, kai da Alhaji Garba da dukkan musulmin da suka riga mu. Allah ya ba Inna da Zainabu haƙuri, ni ma ya ba ni. Ka yafe mini taɓa aikinka da na yi ba da izininka ba.

Ƙanwarka mai kewarka,
Hadiza
Sabon Gari, Jega